Bakan da muka ja mu biyu, ni da Kawu

Shekarun baya, sun haura goma yanzu, aka kawo mana yayan mahaifiyata daga ƙauye ya zo jinya nan Kwatano. Hawan jini ne ya kayar da shi a gona, hannun dama ya shanye, ƙafar ma sai ja. 'Ya'yansa suka ce tunda ƙanwarsa tana zaune kusa da manyan asibitoci, a gwada nan. Aka sauke shi a gidanmu na Zongo, a ɗakin da ke kallon madafar Inna, mahaifiyar tawa. Kayansa buhu ɗaya ne da wata doguwar sanda da ɓawonta a jiki, wadda ya ƙi yarda kowa ya riƙe masa. Ni na ɗauka ta dogarawa ce.

Ni a Zongo aka haife ni, nan na yi lakwal, wato makarantar boko, lokacin kuma ina aiki a wani biro, wato ofis, a unguwar Ganhi, gidan masu shigo da shinkafa. Daga safe har yamma ni da takardu. Abin da na sani game da Kawu shi ne abin da Inna take ba mu labari tun muna yara, cewa maharbi ne, kuma duk yankinsu in mutum yana son baka na kirki wurinsa yake zuwa. Ni kuwa ban taɓa ganin baka ido da ido ba. In faɗa muku gaskiya, ko kaza aka ba ni in yanka sai na nemi wanda zai taya ni.

Mutumin da aka kawo mana bai yi kama da labarin ba. Wuni yake a kan tabarma yana kallon bango. Inna ta yi tuwo, ta yi kunu, ta je har kasuwar Tokpa ta nemo kuka da daddawa irin ta gida, amma loma biyu zai yi ya ture kwanon. In ta matsa sai ya ce, "A ba masu aiki." Likita ya gaya mana ƙiri-ƙiri cewa in bai ci abinci ba, bai motsa jiki ba, maganin ba zai yi masa komai ba. Muna kallo yana ramewa.

Wata safiya na tare zem zan hau ke nan, ɗan acaɓarmu na nan, sai Inna ta kira ni daga soro.

"In ka dawo, ka je ka ce ya koya maka sassaƙar baka."

Na ce, "Haba Inna, baka? In harbi me da shi, jirgin ruwa?"

"Ban ce ka harbi komai ba. Yayana yana ƙarewa a ɗakina kana min surutu. Sandar nan da kake gani ba ta dogarawa ba ce. Dargaza ce, ya saro ta kafin ya faɗi, ta fi shekara tana bushewa. Baka ya so ya yi da ita. Tun daga ƙauye yake rungume da ita, ba ka tambayi kanka dalili ba?"

Ban tambaya ba kuwa. Na hau zem ina jin haushin kaina.

Da yamma na shiga na durƙusa na gaishe shi, na karanto abin da aka aiko ni da shi kamar daga zuciyata ya fito. Ya dube ni ya daɗe.

"Uwarka ce ta turo ka."

"A'a Kawu, ni ne dai nake sha'awa."

"Miƙo hannunka."

Ya kama da hannunsa na hagu, ya juya, ya latsa tafin. Ya ce, "Wannan ko tuwo mai zafi bai saba yanka ba." Ya sake ni ya koma kallon bangonsa. Na fito na ce wa Inna to ga shi, na gwada. Amma bayan kwana biyu ina ɗaura takalmi sai na ji murya daga ɗakin: "Kai ɗan lakwal! A garin nan naku ana samun gizago?"

Haka muka fara. Bai bar ni na taɓa dargazar ba. Ya ce in je wurin masu itace in zaɓo sanduna miƙaƙƙu, ko na dalbejiya ne, in koya a kansu. Kullum in na taso daga biro, tsakanin la'asar da magariba, sai a shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ni kuma in zauna a kan turmi da gizago da fasasshiyar kwalba.

Abu na farko da ya koya min, ya maimaita shi har na gaji da ji. Ya ce, "Baka yana da baya yana da ciki. Baya shi ne gefen da ke kallon nama, ciki shi ne gefen da ke kallonka. Ciki ka kankare yadda na ce maka. Baya kuwa ɓawo kawai ake cirewa, a hankali, a bar shi yadda Allah ya yi shi. Ka ji ko?" Na ce na ji.

Wallahi ban taɓa ganin ido irin na mutumin nan ba. Zan kafa sanda a gwiwa in tanƙwara, shi yana can nesa a zaune, sai ya ce, "Sama ta fi ƙasa taurin kai. Kawo." Ya ɗauki gawayi ya ja layi wurin da bai fi faɗin yatsa uku ba. "Kankare nan sau goma, kada ka yi sha ɗaya." In kankare, in sake tanƙwarawa, sai in ga sandar ta zagayo daidai, abin da ni da nake riƙe da ita ban gani ba. Yakan ƙwanƙwasa itace da farce ya kara a kunne ya ce akwai sauran ruwa a ciki. Garinmu ma bai tsira ba. Ya ce Kwatano ko iskarta jiƙaƙƙiya ce, in aka bar itace a ɗaki sai ya sha iskar teku ya yi laushi. Ya sa aka rataye dargazar a saman murhun Inna, inda ɗumi da hayaƙi za su riƙa samunta.

Na farko ya karye tun ban sa masa tsirkiya ba, wato igiyar bakan. Na biyu na zurma masa gizago har ya kusa rabewa. A nan ne Kawu ya fara ɗaga murya. "Sakarai! Itace kake sassaƙa ko gaba kake da shi?" Raina ya ɓaci, don ni ko maigidana a biro ba ya yi min haka. Na waiga in ga ko Inna za ta sa baki, sai na hango ta a madafa ta toshe baki da gefen zani tana dariya. Ranar ya cinye tuwonsa tas, har ya tambaya ko akwai saura a tukunya.

Na ukun ne ya kusa raba mu. Na yi mako biyu a kansa, ya yi kyau, har na sa tsirkiya. Ina ja sai ji na yi ƙas! Ɓarin sama ya dawo ya same ni a goshi. Na ga taurari. Na yi jifa da guntun, na ce ni na gama, ni ba maharbi ba ne, ubana ma ɗan kasuwa ne, a ƙyale ni. Kawu ya bar ni na gama zuba. Sannan ya nuna madafa da haɓa ya ce, "Sauko min da ita."

Na sauko da dargazar. Ya ɗora ta a cinya yana shafawa.

"Ka karya uku, yanzu hannunka ya san inda itace ke jin zafi. Wannan ita kaɗai ce. Ba zan ƙara shiga daji in saro wata ba, ni na sani, kai ma ka sani. Nan da mako uku za a zo a mayar da ni kafin ruwa ya yanke hanyar ƙauye. Ina so in koma da baka a hannu. Ba na so a ce an kai shi birni da sanda an dawo da shi da sanda."

Ya miƙo min. Duk ƙulun da ke goshina sai na manta da shi.

Aikin dargaza ba irin na baya ba ne. Gizago kwana biyu kawai ya yi, sauran duk da kwalba, kankara kaɗan, tanƙwara, kankara kaɗan. Wata rana duk abin da muka cire bai cika tafin hannu ba. Kwanaki suna tafiya, ni kuwa ina ƙirga su. Ga kuma wani abu da ya tsone min ido: a bayan sandar, kamar taƙi ɗaya sama da mariƙi, akwai wani ƙululu inda reshe ya taɓa fitowa. Kawu yana ce masa ido. Na tambaye shi yaushe za mu cire, ya ce a bar shi. Ni dai a ganina ya ɓata aikin.

Ranar wata Asabar Inna ta kai shi asibiti wurin masu motsa hannu. Ina da aboki kafinta a unguwar Akpakpa, mai yi wa manyan mutane kujeru da gadaje, aikinsa sumul kamar ka lasa. Na ce bari in ba Kawu mamaki. Na sauko da sandar, na hau zem, na ɗaga ta sama kamar mai tuta muka haye gada.

Abokina ya juya ta ya yi dariya. "Kwana nawa kuna fama da wannan?"

Na ce goma sha biyu.

"Da kwalba? Tabɗi! Ku mutanen Zongo sai a bar ku. Wannan ƙulun fa?"

Na ce, "An ce kada a yanki bayan."

"Wa ya ce yanka? Gogewa kawai za mu yi."

Ni ma abin da nake son ji ke nan. A kaina na ɗan lakwal, gogewa daban yanka daban. Ya kunna injin goge katako, kafin in gama gyara tsayuwa ƙulun ya tafi, wurin ya kwanta lif. Ba laifinsa ba ne, shi abin da ya sani ke nan, katako mai kyau shi ne mai santsi. Na dawo ina fara'a, na mayar da ita saman murhu.

Bayan azahar Kawu ya ce a sauko da ita. Ya rufe ido kamar yadda ya saba, ya bi bayan da yatsu tun daga ƙasa. Da ya zo wurin sai hannun ya tsaya. Ya koma baya ya sake bi. Ya sake tsayawa.

"Wa ya taɓa bayan?"

"Kawu, gogewa kawai aka yi, ba a yanka ba."

Na so a ce ya zage ni. Bai zage ni ba. Da murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Zaren itacen nan zagaye idon ya yi ya wuce, shi ya sa wurin ya kumbura. Kumburin shi ne ƙarfinsa. Kun yanke zaren. Duk jan da za a yi, nan zai taru." Ya ajiye ta a tabarma a hankali, ya dafa bango ya miƙe, ya ja ƙafa ya shige ɗaki.

Ranar bai ci abinci ba. Washegari ma kwanon ya fito yadda ya shiga. Da na kasa haƙuri na ce wa Inna zan nemo wata dargazar ko a ina take, sai ta ce, "A Ganhi?" Ta ci gaba da wanke-wankenta. Kunya ta ishe ni, ga tsoro. Na ga mutumin da ya fara dawowa ya koma kallon bango, kuma ni na mayar da shi, saboda ina son a ce na iya.

Kwana na uku da safe, ina shirin fita, ya kira ni. Ba ɗan lakwal ya ce ba, ɗan nan ya ce.

"Je wurin mahauta. Ka ce su ba ka ɗanyar fatar akuya, ta yau, wadda ba a sa wa gishiri ba."

Ban je biro ba ranar. Na kawo fatar, ya sa na aske gashin, na yanka ta zagaye-zagaye har ta zama doguwar igiya siririya, muka jiƙa. Sai ya kama bakin igiyar da haƙori, ya danne sandar da ƙafarsa mai lafiya, hannun hagu yana jera ɗaurin, ni ina ja. Kowane zagaye sai ya kwanta jikin ɗan'uwansa, ba rata, ba hawa. In na sassauta sai ya yi gurnani ta cikin haƙora. Tsoho mai hannu ɗaya, gumi yana zuba masa, amma ɗaurin da ya fito kamar an saƙa. Ya rufe wurin da na ɓata, ya wuce shi sama da ƙasa da yatsa huɗu-huɗu.

Na ce, "Kawu, zai riƙe?"

Ya tofar da gashin da ya maƙale masa a leɓe. "Ban sani ba. Na ga an yi, amma ni ban taɓa yi wa nawa ba."

Muka mayar saman murhu. Fatar tana bushewa tana tsukewa, har ta zama in ka ƙwanƙwasa sai ta yi ƙara. Sauran kwanakin muka ƙarasa kankarar cikin, muka murza tsirkiya da ragowar fatar, muka shafe bakan da man kaɗanya ana ɗan gasa shi a wuta don ya sha. Kawu yana cin abinci, amma ba yawa, kuma ba ya zagi. Shi ma jira yake.

Ana gobe za su tafi, babban ɗansa ya riga ya iso, Kawu ya ce a cika buhu da yashi a jingine a bangon tsakar gida. Ya zaro kibiya ɗaya daga kayansa, marar dafi. Na sa tsirkiya.

Ya ce, "A wurinmu wanda ya sassaƙa shi ke fara ja. In zai karye, ya karye a fuskar mai shi, ba a fuskar wanda aka ba ba."

Na ce to, na gyara tsayuwa. Ni na ɓata, ni ya kamata ya fasa wa goshi.

Sai Kawu ya ce, "Kawo nan. Kai kaɗai ka sassaƙa? Hannunka ne, amma idona ne. Hagu ke riƙe baka, hagu kuwa ina da ita. Kai tsaya a bayana ka zama dama."

Inna ta fito da sauri. "Yaya, idonka fa! In abin nan ya tashi..."

"Koma madafarki."

Ba ta koma ba. Ya miƙe ya jingina bayansa da ƙirjina, ya miƙa hannun hagu da bakan. Ɗaurin fatar yana daidai saitin fuskarsa. Na zagayo da hannuna na dama na ɗana kibiyar, na fara ja. Bakan ya yi wata 'yar ƙara, na tsaya cak.

"Ja."

Na ƙara kaɗan.

"Na ce ja, ɗan lakwal! Ba takarda ba ce da za ta yage."

Na ja. Ina jin hannunsa yana karkarwa, yana karkarwa, sai kawai ya tsaya kyam, kamar an kafa shi. Wannan kafaɗar da muke tallafawa zuwa banɗaki ita ce ta tokare ni har na kusa ja da baya. Tsirkiya ta zo gefen kunnensa.

"Saki."

Ban ga tafiyar kibiyar ba. Ƙarar shigarta buhu kawai na ji, yashi ya fara tsiyaya. Kawu ya sauke bakan, ya bi ɗaurin da babban yatsa, sama da ƙasa, ya kara a kunne. Ya ce, "Ya riƙe." Inna ta zauna a bakin madafa tana kuka. Shi kuwa ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Tsayuwar me kake? Je ka zaro ta mu sake."

Washegari a tasha aka yi daru, don ya ƙi a ɗaure bakan a saman mota. Da shi ya shiga, ya tsayar da shi tsakanin ƙafafunsa.

Ya ƙara shekara uku da wani abu kafin Allah ya karɓi abinsa. Na raka Inna ta'aziyya, karona na farko a ƙauyen. Rana ta biyu tsofaffin maharba suka zo gaisuwa, aka fito da bakan ana miƙa wa juna. Wani dattijo cikinsu da aka gaya masa ko ni wane ne, ya kira ni kusa da shi. Ya ɗora yatsa a kan ɗaurin.

"Duk bakunan da kawunka ya yi, wannan kaɗai ke da ɗauri. Ranar da ya dawo muka tambaye shi, a gaban kowa ya ce nan kuskurensa ne. Sauran kuma ya ce aikin ɗan ƙanwarsa ne, mu duba mu gani ko akwai abin gyara."

Na ce, "Baba, ba shi ba ne. Ni ne na kai shi wurin inji."

Dattijon ko mamaki bai yi ba. Ya ce, "Mun sani, ɗana. Tun muna samari muke ganin aikinsa, ko da ƙafa zai sassaƙa ba zai taɓa bayan baka ba. Amma tunda ya ce nasa ne, nasa ne. Kada ka ƙara faɗa a garin nan."

Ban ƙara faɗa a garin ba. Yau ma da nake faɗa muku, don ku san wane irin mutum ne. Har yanzu nakan sassaƙa baka in na sami itace, ba wani na a-zo-a-gani ba, wasu su riƙe wasu su karye. A wurin aiki kuma yanzu akwai waɗanda ke ƙarƙashina, in ɗaya ya yi min ɓarna bakina yakan buɗe zan tona shi a gaban mutane, sai in tuna. Wani lokaci in iya yin shiru, wani lokaci halina ya fi ƙarfina.

Abin da ke ci min rai shi ne, tun daga ranar Asabar ɗin nan har ya hau mota ban taɓa buɗe baki na ce Kawu ka yafe min ba. Kunya ta hana ni, na ce sai na je ƙauye na same shi mu biyu. Da na je, na tarar ya riga ya ɗauki laifin ya tafi da shi.